“Charge” na waya da “charge” na kotu: yadda ake gane kalmar Ingilishi mai ma'ana da yawa

“Assalamu alaikum Mushe. Ni ɗalibi ne a nan Maraɗi, na ci BEPC bara, yanzu ina lise, da yamma kuma ina zama shagon babana a babbar kasuwa. Ingilishi yana ba ni wahala ta wuri ɗaya. Sai in hardace kalma da ma'anarta, gobe in gamu da ita a wani wuri ma'anar ta ƙi zama. Misali ‘charge’, ni da cajin waya na san ta. Sai ga wani da muke sarin kaya a wurinsa a Kano ya rubuto ‘delivery is free of charge’, a littafin aji na ga ‘she is in charge of the school’, a labarai kuma na ji ‘he was charged with theft’. Na buɗe ƙamus na tarar ma'anonin sun fi goma, na rufe abina. Ta yaya mutum zai gane wadda ake nufi? Ko sai na hardace su duka?”

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya kawo kasuwa shagon baba. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ya sa kalma guda take ɗauke da ma'anoni barkatai, da kuma yadda mai karatu zai tsamo wadda ake nufi ba tare da ya haɗiye ƙamus ba. Bari in fara kwantar maka da hankali. Ba sai ka hardace su duka ba. Wanda aka yanke wa cibiya a Landan ma bai hardace su ba, kuma ba ya ruɗewa.

Dubi yadda ka kira ni. Ka ce Mushe, na amsa da fara'a, domin a nan sunan girma ne ga malamin lakwal. Amma tsallaka Ɗan Isa ka shiga Jibiya, ka tare wani malamin makaranta ka kira shi da wannan suna, ka ga yadda zai haɗe rai. Shi mushen da ya sani shi ne akuyar da ta mutu ba a yanka ba. Ka kuma ce ka “ci” BEPC. Da cokali ka ci ta ko da hannu? Kai ka ci jarrabawa, babanka yana cin kasuwa, maƙwabcinsa ya ci bashi, yaron wani ya ci amana, gobara ta ci rumfuna, babur yana cin mai, alƙali ya ci mutum tara, ɗan sarki ya ci sarauta. Tun kana ɗan shekara biyar kake rarrabe waɗannan, ba ka taɓa buɗe ƙamus a kansu ba. Kunnenka yana jin abin da ya biyo bayan “ci”, shi ke nan ya gane. Shekarun baya na koya wa wata Baturiya Hausa, ma'aikaciyar wani aikin raya karkara ce. Ta riƙe “ruwa” da ma'ana ɗaya, na sha. Ranar da direbansu ya ce mata “ni ba ruwana”, sai ta zaro gora daga jaka ta miƙa masa. Halin da ta shiga ran nan shi ne halin da kake ciki da “charge”.

Inda tarin ma'anonin ya samo asali

Kowane harshe yana da wannan hali, sai dai na Ingilishi ya yi yawa. Babban ƙamus na Oxford, bugun 1989 mai juzu'i 20, ya lissafa wa aikatau “set” ma'ana 430. Da aka zo sake bitar “run”, sai da Peter Gilliver, ɗaya daga cikin masu aikin ƙamus ɗin, ya shafe fiye da wata tara a kanta ita kaɗai, a 2011 ya fito da ma'ana 645. Lura da kyau, gajerun kalmomi ne, irin waɗanda muke koya wa ƴan sizyam, ajin farko na sakandare, a watan farko. Kalmar da aka fi yawan ɗauka ita ce ta fi tara aiki, kamar wuƙar tsakar gida: da ita ake yanka albasa, da ita ake fiƙe fensir, da ita ake ɓamɓare gwangwanin tumatir. Doguwar kalma mai ban tsoro irin “photosynthesis” kuwa ma'anarta ɗaya tak, ka riƙe ta sau ɗaya kun rabu lafiya.

Kalmomin nan iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana rage rabin wahala. Akwai waɗanda kama ce kawai ta haɗa su, ba dangin juna ba ne, kamar kukar miya da kukan jariri, ko garin Maraɗi da garin rogo. Ingilishi ya tara irin waɗannan saboda yawan baƙin da ya saukar. Tun daga ƙarni na 9 mayaƙan teku daga yankin Denmak da Norwe suka zauna a Ingila da harshensu. A 1066 William na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, ga kuma Latin a hannun malaman coci. Kowane baƙo ya sauke kayansa, wasu kalmominsa suka yi karo da na ƴan gida. “Bark” na haushin kare ɗan gida ne, “bark” na ɓawon itace mayaƙan tekun nan suka zo da shi. “Bank” na bakin gulbi shi ma ta hannunsu ya shigo, amma “bank” na kuɗi daga Italiya ya taso, daga “banca”, bencin da ƴan canji suke baza kuɗi a kai, ya biyo ta Faransanci. In ka wuce ƴan canjin naira da sefa a kan bencinsu a kasuwa, ka gaishe su da kyau, kakan banki ke nan. Irin waɗannan kada ka ɓata lokaci neman alaƙarsu. Takwarori ne biyu a aji ɗaya, kowa da gidan ubansa.

Iri na biyu su ne masu yawa: saiwa ɗaya, rassa da dama. Mu ma muna da bakin mutum, bakin rijiya, bakin gulbi, bakin wuƙa, bakin kasuwa, har da bakin aiki. Bature ya ce “the foot of the hill”, ya ba tudu ƙafa, mu muka ba shi gindi. Ya ga abin da ake tura kibiyar kwamfuta da shi yana da jela, ya ce “mouse”, ɓera. A nan akwai zare, in ka kama bakinsa sauran za su biyo ka.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi ginin harshen. Ingilishi ya zubar da yawancin ɗafe-ɗafen da ke nuna ko kalma suna ce ko aikatau, saboda haka suna yakan koma aikatau ba tare da ya sauya riga ba. Bafaranshe yana da “eau” yana da “arroser”, mu muna da ruwa muna da ban ruwa, Bature kuwa “water” ne nan “water” ne can. “Book” littafi ne, amma “book a room” kama ɗaki ne a masauki.

Mu koma kan “charge” ɗinka

Kai ɗan Maraɗi kana da wata dama da ɗan Kano ba shi da ita, wato Faransancin da ke kanka. “Charge” daga Faransanci ta shiga Ingilishi, daga “charger”, ɗora kaya, lodin nan da ake yi wa manyan motoci a tasha. Shi ma Faransancin ya gaje ta ne daga kalmar Latin ta amalanke. Riƙe wannan hoto na ɗora wa abu kaya, mu bi jimlolinka ɗaya bayan ɗaya. Cajin waya, ana loda wa batir wuta. “Free of charge”, ba a ɗora maka kuɗi ba. “She is in charge of the school”, an ɗora mata nauyin makaranta, ita ce shugaba. “He was charged with theft”, an ɗora masa laifin sata. Ka ga “ɗora” ɗinmu na Hausa ya yi aikin duka, har ma ya fi na Bature tsari. A ta ƙarshen nan ka yi hattara: tuhuma ce kawai, ba a yanke hukunci ba tukuna. Wanda kotu ta samu da laifi “convicted” ake cewa. Na sha jin masu fassara labarai suna haɗa biyun, su ɗaure mutum tun alƙali bai zauna ba.

In an sa mata “dis” a gaba sai lodin ya sauka. Jirgin ruwa yana “discharge” na kaya a tashar Kwatano, batir yana “discharge”, asibiti yana “discharge” na majinyaci, wato sallama. Akwai reshe guda da ba ya bin zaren da sauƙi, “the bull charged at him”, sa ya taso masa. Wannan ka riƙe shi daban, ba kowane reshe ke nuna saiwarsa ba.

Yanzu dubi ƙananan kalmomin da ke manne da ita, domin su ne ƴan rahoto. “Charge for” kuɗi ne, “charge with” yawanci laifi ne, “in charge of” shugabanci ne. Ƙara “the” guda ɗaya kuma sai magana ta juye: “the nurse is in charge of the child”, nas ce ke kula da yaro, “the child is in the charge of the nurse”, yaro ne ke hannun nas. Ɗalibai sukan tsallake waɗannan ƙananan kalmomi da ido suna neman manya, alhali a jikinsu amsar take.

Haka za ka yi wa “run”. Saiwarta gudu, kuma Hausa ta bi hanya ɗaya da ita ba tare da sun yi shawara ba. Ruwa yana gudu, “water runs”. Baba yana gudanar da shago, “he runs a shop”. Ciki ma in ya ɓaci gudawa muke cewa, maƙwabtanmu ƴan Najeriya su ce “running stomach”. Inda muka rabu shi ne takara: Ba'amurke gudu yake yi, “run for president”, mutumin Ingila yakan tsaya kamar mu, “stand for election”.

Wadda ka sani ita ke kayar da kai

Wani Alhaji ɗan kasuwa, maƙwabcina ne a unguwa, ya aiko a kira ni wata rana bayan la'asar. Na same shi a zaure, ga shayi ya huce ba a sha ba, ga ɗan ƙanensa tsugune a gefe kai a sunkuye. Yaron nan haziƙi ne, na koyar da shi, yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Alhaji ya miƙo mini waya. Kamfanin da yake sayen kaya a wurinsa a ƙasar waje ya rubuto mako biyu da suka wuce: “Kindly note that your balance is still outstanding.” Yaro ya san “outstanding”, ya sha ganinta a kan takardun yabo, fitacce, wanda ya zarce tsara. Ya san “balance”, sikeli ne a Faransanci, daidaito ne a Ingilishi. Ya haɗa biyu da biyu ya ce wa kawunsa yaba masa suke yi, sun ce lissafinsa ba kamarsa. Alhaji ya ji daɗi, ya sa aka mayar da godiya, har da hoton babban yatsa. Su kuwa can suka ga mutum ana binsa ciko yana godiya, sai suka riƙe kayan.

“Balance” a bakin ɗan kasuwa ragowar kuɗi ne. “Outstanding” asalinta abin da ya tsaya a waje. Ɗalibin da ya fita daban da tsara ya tsaya a waje, bashin da bai shiga aljihun mai shi ba shi ma yana tsaye a waje. Da na faɗa, Alhaji ya yi salati, ya dubi yaron, ya ce, “Kai da na ce karanta mini, ashe waƙa ka rera mini.” Na roƙa masa gafara, domin laifin rabi namu ne mu malamai, mu da muke rubuta kalma a allo mu ja layi mu sa mata ma'ana ɗaya a gabanta, yara su kwafa a kaye.

Cikin shekarun da na yi ina koyarwa ina kuma fassara wa ƴan kasuwa takardu, ban cika ganin baƙuwar kalma ta jawo asara ba. Baƙuwa takan tsayar da kai, dole ka tambaya. Sananniya ce take barinka ka wuce da gudu. Da yaron nan ya ɗan dakata ya tambayi kansa, me zai sa wanda ke sayar mana da kaya ya rubuto takanas don yabo, kuma me “still” take yi a cikin yabo, da ya ji ƙaurin abin. Duk lokacin da ka san kowace kalma a jimla amma jimlar ta fito da wani abu bambaraƙwai, to ɗaya daga cikinsu ta sauya riga. Nemo ta.

Abin da nake dubawa in na gamu da irinta

Da farko nakan tambayi aikin da kalmar take yi a jimla. In “a” ko “the” ko “my” ne a gabanta, suna ce ko sifa. In “to” ne ko “I”, “they”, “will”, yawanci aikatau ce. Wannan kaɗai yakan zubar da rabin ma'anonin ƙamus. “I am fine” lafiya ce, “pay a fine” tara ce. “A kind man” mai kirki ne, “a kind of man” wani irin mutum ne, kuma ba yabo ba ne. “Three men left”, mutum uku sun tafi. “Three men are left”, mutum uku suka rage. Da baki ma akwai alama, kamar yadda karin sauti ke raba mana wuyan riga da wuyar aiki. “Present”, “record”, “refuse”: in an danna gaɓar farko suna ne, kyauta, kundin ajiya, shara, in an danna ta biyu aikatau ne, gabatar, naɗi murya, ƙi. Wasu kuma rubutu ɗaya furuci biyu, irin “tear” na hawaye da “tear” na yaga, ko “lead” na jagoranci da “lead” na darma. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su riƙa sauraron rediyo, ido kaɗai ba ya kama waɗannan.

Sannan fagen da ake magana. Kalma takan sauya hali da zarar ta shiga wata ma'aikata. “Interest” sha'awa ce a hira, kuɗin ruwa ce a banki, ga ruwan Baturiyar nan ya sake dawowa. “Sentence” jimla ce a ajina, hukunci ce a kotu. “Order” umarni ne a bariki, odar kaya ce a shagonku. A asibiti abin ya fi haɗari. “Stool” ƴar kujera ce a gida, amma in likita ya rubuta “stool test” bayan gida yake so a kawo. “Negative” a takardar gwajin cuta yawanci albishir ne, “positive” ce ke sa a zauna a yi shawara. Na ga wata baiwar Allah da ta dawo daga asibiti a Katsina tana kuka da takarda a hannu saboda an ce mata “negative” mummunan abu ne.

Inda ɗalibai suka fi shan kashi shi ne aikatau mai ɗan rakiya. “Look” duba ne, amma “look for” nema, “look after” kula da, “look down on” raina, “look up to” girmama. “Give up” saduda ne, “run out of” ƙarewar abu ne a hannunka, “put up with” haƙuri da abu ne. A nan dabarar neman saiwa ba ta cika aiki ba. Ɗauki kowanne a matsayin kalma guda, kamar yadda ba ka rarraba “sha kashi” ko “ci gaba” ka fassara su gutsure-gutsure.

Akwai ƴan tsiraru masu fuska biyu, ma'ana da kishiyarta a jiki ɗaya. Mu da muka ga takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana a 2023 da idonmu, iyaka a rufe, wuta a yanke, mun san “sanctions”. Amma “the minister sanctioned the project” amincewa ce ya yi. “Oversight” sa ido ne a kan aiki, kuma kuskure ne na rashin sa ido. Waɗannan sai ka karanta jimlar gaba da ta baya kafin ka yanke.

Tarkon Faransanci da Ingilishin maƙwabta

Faransancin da ya taimake ka a “charge” shi ne kuma zai tura ka rami a wani wuri. Kalmomin da suka ƙetara teku tun zamanin William sun yi shekaru ɗaruruwa a gidan miji, wasu sun sauya hali. “Actually” ba yanzu ba ne, a gaskiya ne. “Library” ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. “Attend” halarta ne, ba jira ba. “Demand” nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi. Ɗalibin da ya rubuta wa jami'a “I demand a scholarship” yana zaton roƙo yake yi, alhali tsawa ya daka musu. Wadda ta fi ba ni dariya kowace shekara ita ce “pass”. A Faransanci “passer un examen” zama jarrabawa ne kawai, a Ingilishi “pass an exam” cin ta ne. Yaro ya fito daga ɗakin bak, jarrabawar gama sakandare, ya rubuta wa abokinsa na Kano “I passed my exam today”, a can a hau yi masa barka tun ba a fara gyaran takardu ba. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ku ƴan wannan zamani za ku riƙa ganin harsunan nan biyu kafaɗa da kafaɗa, saboda haka ware wa waɗannan mayaudara shafi na musamman.

Ka kuma tambayi wanda ke magana daga ina yake. Mu nan mukan ce “na tafi likita” muna nufin asibiti, Bakano ya ji ya ce wane likitan. Haka Turawa suke a tsakaninsu. “First floor” a Ingila hawa na farko ne a sama, kamar a Faransanci, a Amurka kuwa ƙasa ne. “Table a motion” a majalisar Ingila gabatar da ƙudiri ne, a Amurka jingine shi ne. Ingilishin da za ka fi gamuwa da shi kuwa na Najeriya ne, a kasuwa, a waya, da kuma bakin ɗaliban can da ke karatu a jami'ar Maryam Abacha a nan garin. A wurinsu “balance” har canjin da mai shago zai mayar maka ne, “dash” kyauta ce, “flash” ɗan kiran nan ne da ake katsewa, “minerals” lemon kwalba ne, “I'm coming” kuwa “ina zuwa” ɗinmu ne, wanda mai faɗarsa tafiya yake yi.

Ni kaina Mushe guda na sha kunya a kan wannan. Tafiyata ta farko Kano, ina sabon malami ina ji da Ingilishina, na tare tasi na ƙi yin Hausa don in gwada kaina. Direba ya leƙo ya ce, “Na drop?” Na ce a raina ai sauke ni zai yi, na ce “yes”. Na yi mamakin yadda ya wuce fasinjoji suna ɗaga hannu bai tsaya ba, har ina yaba masa kirki. Da muka isa ya faɗi kuɗi sai da na riƙe ƙofa. Ashe “drop” a can shata ce, motar gaba ɗaya na ɗauka. Da na yi Hausa tun farko da kuɗin abincin darena bai tafi ba.

Ƙamus da waya

Kada ka sake rufe ƙamus don ka ga ma'ana goma. Je ka da jimlarka a hannu, ka fara zaɓar suna ko aikatau, sannan ka bar bayanin ka bi misalan da aka jera, ka nemi wanda ya yi kama da jimlarka. Wasu ƙamusoshin suna fara kawo ma'anar da ta fi tsufa, na ɗalibai kuwa yawanci suna fara kawo wadda aka fi amfani da ita, shi ya sa na ɗalibai ya fi maka. Ɗan ƙaramin nan na aljihu mai Ingilishi da Faransanci, kalma ɗaya ma'ana ɗaya, shi ne uban ɓarna. In za ka sa waya ta fassara maka, ba ta jimlar gaba ɗaya, kada ka ba ta kalma tsirara. Kuma ka guji bi ta tasha biyu, Ingilishi zuwa Faransanci sannan zuwa Hausa, a kowace tasha wani abu yakan faɗi daga mota.

Kayenka ma ka sauya masa tsari. Daina rubuta “charge” ka sa caji a gabanta. Ba ta shafi guda, duk jimlar da ka tsinta da ita ka rubuta ta cikakkiya, da inda ka same ta. Ka riga ka sami huɗu. Kalma goma sha biyar ko ashirin za ka yi wa haka, irin su “get”, “take”, “make”, “put”, “set”, “run”, “turn”, “hold”, “keep”, “right”, “case”, “point”, sauran za su zo da kansu ta hanyar yawan karatu.

Dabarun nan suna da iyaka. Barkwancin Turawa da kanun jaridunsu da gangan ake gina su a kan ma'ana biyu, har yau wani kan labari sai na karanta shi sau uku. Maganar samarin Amurka a TikTok kuwa, inda “sick” da “bad” suke zama yabo, ɗalibaina ne malamaina a nan. Takardar yarjejeniya ko ta kotu ko ta magani, kada ka dogara da ni ko da waya, kai wa mai wannan sana'a, domin “consideration” a bakin lauya ba ita ce ta bakina ba. In kuma mai maganar yana da rai yana da waya, tambaye shi, ba abin kunya ba ne: “Do you mean…?” sai ka faɗi abin da ka fahimta da kalmominka.

Ka fara da mutuminku na Kano. “Free of charge” ɗin mun warware ta, saura “delivery”. Tambaye shi kyautar har ina ta tsaya, tashar mota a Kano, ko Jibiya, ko ƙofar shagonku, kafin baba ya sa ta a lissafi. In kuma wata rana ya rubuto cewa matarsa ta yi “safe delivery”, kada ka tura yaro tasha ɗauko kaya. Ta sauka lafiya ne, sai ka shirya zuwa suna.